Waifar tsohuwar Hilux ta tsaya: injin zan canza, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Tambaya: Ina da tsohuwar Hilux ƙirar 1994, akori-kura, da ita nake ɗauko kaya daga gona zuwa kasuwa. Tun ƙarshen daminar bara waifa ta fara nauyi, tana tafiya da ƙyar. Bana da aka yi ruwan farko na kunna ta, sai ta ɓangaren fasinja kaɗai ta motsa, ta direba ta kwanta, alhali ina jin injin waifar yana aiki. Na canza roba har sau biyu, ba ta canza zani ba. Wani ya ce in sayi injin waifa gaba ɗaya. Me ya kamata in saya, kuma zan iya sakawa da kaina?

Amsa: Malam, ka dakata da sayen injin tukuna. Abin da ka faɗa da bakinka ya riga ya wanke shi. A wannan motar inji ɗaya ne ke jan hannayen waifa biyu ta hanyar sandunan ƙarfe da ke ɓoye a ƙarƙashin gilashi. Tunda hannu ɗaya yana tafiya, wuta na zuwa, fiyus lafiya, injin kuma yana juyawa. Idan ka sayo wani ka ɗaura, hannun direba zai ci gaba da kwanciyarsa, an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Matsalar tana tsakanin bakin injin da gilashi, kuma wurare biyu nake zargi. Kuma eh, aiki ne da za ka iya yi da kanka in kana da sifana 10, 12 da 14, sukudireba mai faɗin baki, filaya, ɗan giris, da haƙuri.

Ka fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. A gindin kowane hannu akwai ɗan murfin filastik, ko ƙarfen da ake ɗagawa, wanda ya rufe noti. Buɗe na ɓangaren direba. Watsa ruwa a gilashi, ka sa wani ya kunna waifa, kai kuma ka zuba wa notin nan ido. Idan noti yana juyawa gaba da baya amma hannu ya ƙi binsa, haƙoran hannun ne suka cinye. Idan notin ma tsaye yake cik, to sandar da ke jan shaf ɗin, wato ƙarfen da hannun ke zaune a kansa, ta fita daga mazauninta a ciki. Sau da yawa za ka ji wani ƙwanƙwas-ƙwanƙwas a ƙarƙashin gilashi, ƙarar sandar ce tana dukan jikin mota. Akwai kuma gwajin hannu: ka kashe mota, ka kama hannun direba ka ɗan motsa shi sama da ƙasa a kan gilashi. Idan ya tafi sakaka ba abin da ya riƙe shi, ɗaya daga cikin biyun nan ne, kuma kallon noti zai raba maka gardama.

Maganar haƙora ita ce mai sauƙi. Kan shaf ɗin ƙarfe ne mai tauri, an yi shi da tsini kaɗan, da ƙananan haƙora kewaye da shi. Gindin hannun kuwa na alminiyam ne ko wani ƙarfe mai laushi, don haka idan aka ɗaure noti haƙoran shaf su ke nitsewa cikinsa su kama. Da gangan aka yi haka, domin idan wani abu ya tare waifa, hannun mai araha ya lalace maimakon giyar cikin inji. Noti ya ɗan saki, ko roba ta manne da gilashi saboda zafin rana aka kunna ta da ƙarfi, sai shaf ya riƙa juyawa a cikin ramin har ya share shi sumul. Idan ka cire hannun za ka ga ramin yana ƙyalli, haƙoran shaf kuma sun cika da garin alminiyam mai ruwan toka. Sa burushin ƙarfe ka goge su har su fito, in ya ƙi ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinin allura. In cin bai yi nisa ba, mayar da hannun da ɗaure noti da kyau ya wadatar. In ramin ya buɗe har hannu yana zama can ƙasa yana gogar jikin mota, sai dai wani hannun. Ana cusa guntun gwangwani a ramin don a samu a isa gida, amma ba gyara ba ne. Walda kuwa kada ka bari a kusanto da ita wurin nan. Ranar da ka tashi cire hannun sai an yanka shaf, zafin waldar kuma yana narkar da bushin da ke cikin gidansa, wato zoben da shaf ke juyawa a cikinsa.

Sai dai ni hankalina ya fi karkata ga na biyun, saboda maganar da ka yi cewa tun bara ta fara nauyi. Haƙoran da suka cinye ba sa sa waifa nauyi. Abin da ke sa ta nauyi shi ne shaf da ya fara cijewa a cikin gidansa, kuma nan ne nake so ka fi ba da hankali, domin shi ne ciwon, fitar sanda alama ce kawai.

Ka duba yadda motocinmu ke rayuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na ɗauko ƙura mai laushi kamar gari, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tana shiga ko'ina. Motar gona kuma ga ƙurar hanyar burji, ga ƙaiƙayi. Shaf ɗin waifa yana tsaye ne a fili, abin da ya kare shi ɗan zoben roba ne kawai da murfi, waɗanda a motar da ta haura shekara talatin sun daɗe da farfashewa. Ƙura ta gangara ta haɗu da tsohon giris ta zama tamkar laka. Wata bakwai ko takwas ba a kunna waifa ba, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, giris ya bushe ya daskare. Ruwan farko ya sauka ya shiga, tsatsa ta kama. Gidan shaf ɗin yawanci na alminiyam ne, idan ya fara ruɓa sai ya yi wani farin gari da ke kumbura ya matse shaf. Inji yana ta ja da ƙarfi, shaf yana ƙi, dole wani abu a tsakani ya saki. Abin da ya fi rauni shi ne bushin filastik da ke ƙarshen sanda, wanda ke zaune a kan ɗan dunƙulen ƙarfe. Shi ma ya tsufa, ya buɗe, sai ya tsalle ya fita. Wanda ya mayar da sandar kawai ya rufe bai duba shaf ba, zai sake buɗewa kafin damina ta yi nisa.

Ga yadda za ka shiga. Kafin komai, kunna waifa ka kashe ta da makunninta, ka jira inji ya kai inda yake tsayawa da kansa, sannan ka kashe mota. Cire kan batir na negatib. Wannan ba maganar wasa ba ce. Injin waifa ƙarami ne a ido, amma giyar da ke cikinsa na ninka ƙarfinsa sosai, kuma muddin makulli na kunne yana iya tashi da kansa don ya ƙarasa zagayensa ko da makunnin waifa a kashe yake. Yatsan da ya shiga tsakanin sandunan nan yana iya karyewa.

Manna ɗan salatif a gilashi daidai inda kowace roba take kwanciya, zai taimake ka wajen mayarwa. Kwance noti, ɗaga hannun ya miƙe kamar za ka wanke gilashi don ƙarfin sifirin ya sauka daga kan shaf, sannan ka riƙa girgiza gindinsa a hankali har ya saki. In ya ƙi, zuba ɗan man da ke sassauta tsatsa ka ba shi lokaci. Kada ka sa sukudireba ka dogara da gefen gilashi kana ɓanɓara, gefen nan ne inda gilashi ya fi saurin tsagewa. Ka yi wa hannayen alama, domin na direba da na fasinja ba lallai tsawonsu da lanƙwasarsu su zama ɗaya ba. Bayan nan sai farantin ƙarfe mai ramuka da ke tsakanin bonet da gilashi, sukurori ne ke riƙe da shi. Idan ka ɗaga shi, yi hankali da siririn tiyon ruwan wanke gilashi in ya bi ta nan.

Abin da za ka tarar a ciki kusan na san shi: busassun ganyen darbejiya, ƙasa da ta taru ta yi kauri, wataƙila har da sheƙar ɓera. Kwashe su duka. A kusurwoyi biyu na wannan kwarin akwai ramukan da ruwa ke bi ya zuba ta bayan tayoyin gaba. Idan suka toshe, ruwa na taruwa ya jiƙa sanduna, ya ci ƙarfen motar, wata rana ka ga yana ɗiga a kan ƙafarka. Zura waya ka buɗe su, ka zuba ruwa ka tabbatar yana fita ta ƙasa.

Yanzu raba sanduna da inji. A irin wannan Hilux injin yana ɗaure ne a bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota, bakinsa ya leƙa cikin kwarin. A bakin akwai wani guntun hannu mai dunƙule a kansa, sanda na zaune a kai. Sa sukudireba tsakaninsu ka ɓalle ta. Guntun hannun nan kada ka kwance shi daga jikin inji, matsayinsa ne ke sa waifa ta kwanta a ƙasa idan an kashe. In dole ta kama, ja layi da fenti ko tsinin ƙusa a kansa da kan shaf ɗin injin kafin ka taɓa noti. Da ka raba su, kama kowane shaf ta ƙasa ka juya da yatsu. Lafiyayye yana juyawa da yatsu biyu ba tare da ya yi lilo gefe da gefe ba. Wanda sai ka sa ƙarfi ko filaya kafin ya motsa, shi ne mai laifin. Ka gwada duka biyun, don wanda yake aiki yau ma yana iya kasancewa a kan hanya.

Gyaran shaf da ya cije ba ya buƙatar sabon kaya a mafi yawan lokuta. Kwance gidan daga jikin mota ka fito da shi. A samansa, ƙarƙashin haƙora, akwai ɗan zoben ƙarfe mai baki da ke riƙe shaf, da wasu 'yan washa, siraran faifan ƙarfe masu rami, a ƙasansa. Cire su ka jera a kan tsumma yadda suka fito, kada ka rikita jerin. Mayar da noti a kan shaf har ya yi daidai da bakinsa don ya kare zaren, ɗora guntun katako, ka riƙa bugawa a hankali da guduma, kana zuba man sassauta tsatsa, kana juya shi. Idan ya motsa sai ka cire notin ka ƙarasa tura shi. Zai fito da jan tsatsa da baƙin dasƙararren giris. Goge shi da samfefa mai laushi har ya yi haske, naɗe samfefar a jikin fensir ka goge cikin gidan kaɗan, ba da yawa ba don kada ka buɗe shi. Wanke da kananzir, bari ya bushe, cika da giris mai kyau irin wanda ruwa ba ya wankewa, ka mayar. In ka samu sabon zoben roba daidai girmansa, saka. Baƙin man inji da wasu ke ɗigawa ta sama ba ya daɗewa, yana gangarewa ya bar wurin ya kuma kama ƙura. Idan kuwa bayan gogewa shaf yana lilo a cikin gida, bushinsa ya cinye. Masu injin sassaƙa ƙarfe na iya yanka maka na tagulla su dasa, kuma a ganina wannan ya fi sayen wani tsohon da ba ka san tarihinsa ba.

Bushin filastik na ƙarshen sanda kuma, ka canza su gaba ɗaya tunda ka riga ka buɗe, shekarunsu ɗaya. Ana sayar da su daban a wurin masu kayan Toyota, ka tafi da sandar a hannunka a gwada a gabanka, domin girman dunƙulen ya bambanta daga mota zuwa mota. Kafin ka dasa sabo jefa shi cikin ruwan zafi na 'yan mintuna ya yi laushi, in ba haka ba yana iya tsagewa wajen shiga. Ɗora shi a ramin sanda, sa soket ɗin kwance noti a ɗaya gefen, ka matse da filaya babba. Ɗan giris a cikinsa, sannan ka danna shi kan dunƙule har ka ji ya ce ƙas. Ka shafa dunƙulen da yatsa tukuna. In tsatsa ta ci shi ya yi kaushi, zai cinye sabon bushi cikin damina ɗaya, don haka goge shi ya yi santsi. Ɗaurin waya ko tsinken robar tiyub da ake yi a bakin hanya yana kai mutum gida, amma yana saki ne a daidai lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, lokacin da waifa ke gudu a babban mataki.

Idan sandar kanta ta lanƙwashe ko gidan shaf ya fashe, sai a nemi na hannu, ɗan Beljiyam, a Ƙofar Ruwa in kana kusa da Kano, ko Panteka in Kaduna ce ta fi maka kusa. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, shi ya sa sitiyarin motocinmu ke hagu. Amma Hilux da yawa da ake farfasawa a kawo kayansu daga ƙasashen da sitiyari ke dama suke, irin su Japan, Tailan, Ingila da Afirka ta Kudu. Sandunansu da hannayensu a juye suke da namu. A ido kusan ɗaya ne, sai ka zo ɗaurawa ka ga ramuka sun ƙi haɗuwa. Ka tafi da naka tsohon, a shimfiɗa su gefe da gefe a ƙasa. Ka kuma duba taka motar: in kana zaune a kujerar direba, ya kamata robobin su kwanta suna kallon ɓangaren fasinja, su tashi su share zuwa gefenka. In akasin haka ne, motar an juya mata sitiyari ne aka bar waifa yadda take, kuma kusurwar sama ta gabanka ba za ta taɓa sharuwa ba sai an sauya tsarin duka.

Tunda sanduna suna ware, lokaci ne mai kyau na sauraron injin shi kaɗai. Mayar da kan batir, janye hannunka daga kwarin, ka kunna mataki na farko, sannan na biyu. Ya kamata ka ji bambancin gudu sarai, ba kuka, ba tsayawa, kuma idan ka kashe ya ƙarasa zagaye ya tsaya a wuri ɗaya kowane lokaci. In ya yi haka, bar shi. Injin asali na waɗannan motoci ya fi yawancin sababbin da ke kasuwa ƙarko. In ya yi sanyi a matakai biyun, ka fara zargin hanyar da wuta ke komawa ta jikin mota. Kwance kusoshin da suka riƙe shi, goge tsatsar wurin har farin ƙarfe ya fito, ka duba soket ɗin waya ko ya yi kore. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, kusan 14 idan mota na aiki, kuma abin da ya isa bakin soket bai kamata ya yi ƙasa da haka sosai ba. In babban mataki na aiki ƙarami ya mutu, ko akasin haka, yawanci kabon ne. Irin wannan inji kabon uku gare shi, ɗaya na tarayya, ɗaya na ƙaramin gudu, ɗaya na babba, kuma riwaya mai hannu zai canza su. In waifa na tsayawa a tsakiyar gilashi da zarar an kashe, ko ta ƙi tsayawa sam, to 'yan tagullar da ke cikin murfin giya ne, masu gogar wani faifai suna gaya wa inji inda zai tsaya. Buɗe murfin, goge su, sabunta giris. Sai ka ji warin ƙuna, ko ka ga haƙoran giyar filastik sun kakkarye, sannan maganar sayen inji ta taso.

Ka leƙa fiyus ma. A yawancin tsofaffin Toyota na waifa mai amp 20 ne, amma ka bi abin da aka rubuta a murfin akwatin. In ka tarar an naɗa silin waya a madadinsa, cire. Fiyus ɗin waifa yana ƙonewa ne idan inji na shan wahala, wato yana ba da labarin shaf da ya cije. Wanda ya sa waya ya toshe bakin mai ba da labarin, abin da zai ƙone a gaba shi ne injin ko wayoyin bayan dashbod.

Wajen mayarwa akwai mataki ɗaya da in aka tsallake shi aiki ya ɓaci. Haɗa sanduna, amma kada ka ɗora hannaye. Kunna waifa, ka ga shaf biyu suna kaiwa da komowa, kashe da makunni, ka bari inji ya tsaya da kansa. Yanzu ne shaf suke a mazaunin kwanciya. Mayar da faranti, sannan ka ɗora hannaye daidai alamar salatif, ka ɗaure noti da madaidaicin ƙarfi, da gajeren sifana, ba tare da ka sa bututu ka ƙara tsawo ba. Wanda ya ɗora hannu alhali inji ya tsaya a rabin hanya, da ya kunna sai hannun ya nitsa ƙasa ya daki faranti ko ya wuce gefen gilashi, nan take sabon bushi ya fita ko haƙora su sake cinyewa. Jiƙa gilashi sosai kafin gwajin farko, ka duba robar direba ba ta dukan ginshiƙin gefe a babban mataki. In tana duka, sauke hannun da haƙori ɗaya ko biyu.

Sai maganar roba, wadda ka riga ka kashe wa kuɗi sau biyu. Tsawonta da inci ake faɗa: inci 16 kusan milimita 400 ne, inci 18 kuma kusan 450. Kada ka sayi wadda ta fi ta asali tsawo da tunanin za ta share wuri mai yawa. Ƙarfin sifirin ɗaya ne, idan ya rarrabu a kan doguwar roba sai dannawa ta ragu, ga ƙarin nauyi a kan bushi, ga yiwuwar robobin biyu su sarƙe. Duba bakin hannunka kuma. Mafi yawa ƙugiya ce mai lanƙwasa, amma tsofaffin motocin Japan da dama sukurori biyu ne ke riƙe da ita, wasu kuma, musamman tsofaffin motocin Turai irin Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, za ka iya samun miƙaƙƙen baki mai shiga cikin kube. Duk lokacin da ka cire roba hannu yana tsaye, shimfiɗa kwali ko tsumma mai kauri a gilashi. In hannun ya kuɓuce ya faɗo da tsiraicin ƙarfensa, gilashin gaba ne zai tafi.

Ga tsohuwar akori-kura ni na fi son mai firam ɗin ƙarfe irin ta da. Sabuwar samfurin nan marar firam an lanƙwasa ta ne don gilashin motocin zamani masu kumburi, tana kuma son sifirin mai ƙarfi. Gilashin motarka bai kai su lanƙwasa ba, sifirin ya tsufa, sai ka ga bakin robar biyu sun taɓa, tsakiya ta bar ruwa, daidai inda idonka yake. In firam ɗinka na asali ne kuma gaɓoɓinsa ba su saki ba, robar kaɗai za ka iya zarewa ka zura sabuwa. Akwai siraran ƙarafa biyu a gefenta, ka mayar da su cikin sabuwar in ba ta zo da nata ba, ka kuma lura faɗinta ya dace, don akwai mai milimita 6 akwai mai 8.

Idan sabuwar roba tana tsalle tana kuka, ba lallai laifinta ba ne. Ɗaga hannun kaɗan ka sake shi a kan tafinka. In bai danna da ƙarfi ba, ko gaɓarsa ta yi tsatsa tana tsayawa a inda aka bar ta, sa mata mai ka motsa ta har ta saki, in sifirin ya mutu a canza hannu. In tana kuka a tafiya ɗaya kawai, hawa ko sauka, hannun ne ya murɗe. Ya kamata bakin roba ya tsaya a miƙe kan gilashi, yana kwantawa baya a kowace tafiya. Tsayar da waifa a tsakiyar gilashi ta hanyar kashe makulli, cire roba, ka duba ko faffaɗan bakin hannun ya yi daidai da fuskar gilashi. In ya karkace, kama shi da sifana biyu masu buɗe baki, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa, kaɗan-kaɗan. Gilashin ma a wanke shi da gaske. Hayaƙin gas da maiƙon hanya suna yin wani shafi da ruwa kaɗai ba ya fitarwa, shi ne ke sa fitilun motocin da ke tahowa su watsu a idonka da dare. Tsumma da ɗan sifirit yana cire shi. Layukan da tsohuwar waifa ta zana kuma, ja farcenka a kai. In farce ya maƙale, zanen ya yi zurfi, babu robar da za ta share wurin tas.

Wannan zanen daga share ƙura a bushe yake zuwa, don haka ka gyara famfon ruwan tun da kana wurin. In ka ja makunni ba ka ji ƙararsa ba, wuta ce ko famfon ya mutu. In yana ƙara ruwa ba ya fita, tiyo ya tsage ko bakin feshi ya toshe, allura na buɗe shi, da ita kuma ake saita inda ruwan zai sauka. Cire tankin ka wanke laka da gansakukar da ke ƙasansa. Ka guji zuba garin sabulun wanki a ciki, yana daskarewa ya toshe hanya, yana busar da roba, yana dusashe fenti. Ruwa mai tsabta da ɗan ruwan wanke gilashi ya isa, in kuma ruwan rijiyarku mai barin farin tabo ne a jikin buta, nemi wani. Da safe a lokacin hunturu, kaɗe ƙurar da tsumma ko ka watsa ruwa da kofi kafin ka taɓa makunni.

Roba a yanayinmu shekara ɗaya take yi, rana ce ke kashe ta ba aiki ba. Lokacin canza ta shi ne watan Mayu, gab da faɗuwar ruwa, don ta shiga Yuli da Agusta da sabon baki. Wadda aka saka a Oktoba za ta ƙare ƙuruciyarta ne a kwance kan gilashi mai zafi. A watannin rani kuma, ko sau biyu a wata, jiƙa gilashi ka bar waifa ta yi minti ɗaya tana aiki don giris ya zagaya cikin shaf. In ka tashi zuwa kasuwa, ka tafi da sandunan, da hannun direba, da tsohuwar roba ɗaya, a gwada komai a gabanka kafin ka biya.